Ku Tambaya Mu Amsa: Me Ya Sa Bluetooth Ke Zuwa a Makare Idan Kwamfuta Ta Tashi?

Wasiƙun da suka iso mana a wannan watan daga unguwannin Kumasi, da yawansu kuka ɗaya suke yi, ko da yake kowa da muryarsa: kibod ɗin da ba ya motsi sai Windows ya gama buɗewa, sifikar da ke ta ƙyafta fitila ta ƙi haɗuwa, firintar rasit da sai an lallashe ta kowace safiya. Mun zaɓi guda bakwai. Tushensu guda ne, wato jerin da kwamfuta ke bi wajen tashin ma'aikatanta, wane kafin wane.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da fotokwafi a Asawase. Na sayi kibod marar waya mai amfani da Bluetooth, yana aiki lafiya lau a cikin Windows. Amma in na kunna kwamfutar ina danna F2 don in shiga BIOS, ko gezau. Yarona ya ce jabu aka sayar mini. In mayar ne? — Wani Alhaji, Asawase

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Kada ka mayar, kibod ɗinka ƙalau yake. A lokacin da kake danna F2 ɗin, babu kowa a cikin kwamfutar da ke jin yarensa tukuna.

Kwamfuta ba ta farkawa gaba ɗaya a tashi guda. Kamar kasuwar Kejetia ce da asuba: sai an buɗe ƙofofi, 'yan dako sun shigo da kaya, masu shago sun ɗaga ƙyaurensu, sannan mai saye zai samu wanda zai yi ciniki da shi. Da ka danna maɓallin wuta, abin da ke fara tashi shi ne ɗan ƙaramin shirin da ke zaune a jikin babban allon kwamfutar, wanda aka sani da BIOS, sabon samfurinsa kuma UEFI. Aikinsa kaɗan ne: ya duba RAM, ya nemo faifan ajiya, ya saurari kibod na USB ko na jikin laftof. Daga nan sai ya miƙa ragama ga mai ɗauko manhaja, wato Windows Boot Manager, ko GRUB a wajen masu Linux. Shi kuma ya ɗauko zuciyar manhajar, wadda ake kira kanel. Kanel ce ke bin kayan da ke jikin kwamfutar tana ba kowanne direbansa, wato shirin da ke sarrafa shi.

A nan ne ake isowa kan guntun Bluetooth, wato 'yar na'urar rediyo da ke cikin kwamfutar. Ko an iso kansa ma ba a gama ba, domin yawancin guntayen zamani, irin na Intel da Realtek da Qualcomm, da kai fanko suke farkawa. Sai direba ya ɗauko wani fayil daga faifai ya ɗura wa guntun kafin ya iya aikinsa, kuma duk sanda wuta ta yanke masa gaba ɗaya sai an sake ɗurawa. Bayan haka sai a je a ɗauko mabuɗin sirri, wanda shi ne ƙashin bayan zancen. Ranar da ka fara haɗa kibod ɗin da kwamfutar, sun ƙulla yarjejeniya a kan wata lambar sirri mai tsawon bit 128. Kibod ya riƙe tasa, Windows ya ajiye tasa a cikin rajistarsa, wato ma'ajiyar saituttukansa, a kan faifai. BIOS ba ya karanta rajistar Windows. Ba shi da direban, ba shi da mabuɗin, saboda haka duk F2 ɗin da ka danna a iska yake ƙarewa.

Akwai masu fita daga wannan ƙa'ida. Kwamfutocin Apple da wasu ƙalilan na sauran kamfanoni an gina su da fahimtar kibod na Bluetooth tun daga matakin farko. Akwai kuma kibod marar waya da ke zuwa da ɗan kansa na USB, wato ɗan ƙaramin abin da ake sokawa a ramin USB. Wannan ba Bluetooth ba ne, ko da yake shi ma a zangon gigahaz 2.4 yake magana. Ɗan kan nan yana gabatar da kansa ga kwamfuta tamkar kibod mai waya, don haka BIOS na jin sa nan take.

Shawararmu ga mai shago irinka: ka ajiye kibod mai waya guda ɗaya a cikin durowa, ko tsoho ne. Ranar da Windows ya ƙi tashi, ko BitLocker, makullin faifai na Windows, ya tsare ka yana neman dogon mabuɗinsa mai lamba 48 kafin ya buɗe faifai, shi kaɗai zai fisshe ka. Ka kuma tabbata maɓallin da kake dannawa shi ne na kwamfutarka: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, Delete a yawancin kwamfutocin tebur da aka harhaɗa.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Aboabo, laftof ɗina Windows 11 ne. Wasu ranakun in na kunna da safe, Bluetooth ya ɓace ƙurmus, ko wurin kunna shi babu a cikin Settings. In na yi Restart sai ya dawo. In na yi Shut down na sake kunnawa, ba ya dawowa. Ashe ba duk ɗaya ba ne? — Wata malama, Aboabo

Amsa: Ba ɗaya ba ne, Malama, kuma wannan lura da kika yi ita ce rabin maganin. Tun fitowar Windows 8 a shekarar 2012 aka shigo da wani tsari mai suna Fast Startup. In kin danna Shut down, Windows na rufe shirye-shiryenki ne kawai, amma kanel da direbobi ba ya kashe su. Yakan naɗe su yadda suke ya ajiye a kan faifai, gobe ya warware su ya ci gaba daga inda ya tsaya. In direban Bluetooth ya kwana a rikice, a rikice zai tashi. Restart kuwa daga tushe yake farowa: a sake gano guntun, a sake ɗura masa fayil ɗinsa, a sake tada ma'aikatansa a jere. Shi ya sa yake gyara abin.

Fara da kashe wannan tsarin. Ki shiga Control Panel, ki buɗe Power Options, ki danna Choose what the power buttons do, sai Change settings that are currently unavailable, ki cire alamar da ke gaban Turn on fast startup, ki adana. In laftof ɗinki na da faifan SSD, da ƙyar za ki ji bambanci a saurin tashinsa. In kuma sau ɗaya kawai kike son cikakken kashewa, ki riƙe Shift lokacin da kike danna Shut down.

Na biyu, ki buɗe Device Manager, ki faɗaɗa sashen Bluetooth, ki danna sau biyu a kan sunan guntun kansa, wanda zai zo da sunan Intel ko Realtek ko MediaTek ko Qualcomm. In akwai shafin Power Management, ki cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe shi don tattalin batir. Sau da yawa guntun na yin barci ne ya kasa farkawa a kan lokaci.

Na uku, ki danna maɓallin Windows tare da R, ki rubuta services.msc, ki nemo Bluetooth Support Service. Za ki ga an rubuta Manual tare da Trigger Start a gabansa. Ki bar shi haka, daidai ne. Ma'anarsa, wannan ma'aikacin bayan fage, wanda ake kira sabis, ba ya tashi sai Windows ya ga guntun ya bayyana, sannan ya kira shi. Muna jaddada wannan ne domin mutane da yawa na mayar da shi Delayed Start suna zaton gyara suke yi, alhali wannan zaɓin na jinkirta shi da kimanin minti biyu bayan sauran sun tashi. Abin da ya kamata ya dame ki shi ne in kin tarar da Disabled. Irin manhajojin nan da ke alkawarin ƙara wa kwamfuta sauri su ne suka fi yin wannan ɓarnar. Ki mayar da shi Manual, ki cire manhajar.

In duk da haka sashen Bluetooth bai bayyana a Device Manager ba, ki duba ƙasa a sashen USB. Idan kin ga Unknown USB Device da alamar ruwan ɗorawa, musamman da lambar kuskure 43, to guntun ne ya maƙale tsakanin barci da farke, abin da kan biyo bayan ƙyaftawar wuta irin ta lokacin dumso, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki. Ki kashe laftof ɗin, ki cire caja, ki cire batir in mai ciruwa ne, ki danne maɓallin wuta na daƙiƙa 30, sannan ki kunna. Ragowar wutar da ke riƙe da guntun a rikice ita ake zubarwa.

Tambaya: Ina gyaran kwamfuta a Adum. Na saka wa wani kati mai Wi-Fi da Bluetooth a kwamfutar tebur. Wi-Fi ya kama, Bluetooth ko alamarsa babu, na sake direba har sau uku. — Wani mai gyara, Adum

Amsa: Ɗan'uwa, ka buɗe kwalin katin, akwai 'yar siririyar waya a ciki. Kati ɗaya ne amma hanya biyu yake bi: Wi-Fi ta ramin PCIe, Bluetooth ta USB. Sai ka jona wannan wayar daga jikin katin zuwa wurin USB 2.0 mai fil 9 da ke kan babban allo, galibi a gefen ƙasa. In ba ka jona ba, kanel ba za ta taɓa ganin guntun ba, kuma direba ba ya hawa kan abin da ba a gani ba. Ka ɗaura eriyoyin biyu duka, domin Bluetooth na amfani da ɗaya daga cikinsu shi ma.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a jami'ar KNUST, ina amfani da Linux. Duk sanda na kunna laftof, Bluetooth a kashe yake, sai na kunna da hannu kafin maus ɗina ya haɗu. Yaya zan sa ya riƙa tashi da kansa? — Wani ɗalibi, Ayeduase

Amsa: Malam ɗalibi, daɗin Linux shi ne kowane mataki na barin sawunsa, sai dai a bi su a jere, daga ƙasa zuwa sama. Kada ka fara da sama.

Matakin farko, shin an ɗura wa guntun fayil ɗinsa? Ka buɗe Terminal ka rubuta `sudo dmesg | grep -i bluetooth`. In ka ga layin da ke cewa `Direct firmware load` ya gaza da kuskure mai lamba -2, fayil ɗin ne babu a kwamfutar. Na Intel na zaune a `/lib/firmware/intel` da sunaye masu farawa da ibt, na Realtek a `/lib/firmware/rtl_bt`. A Ubuntu da Mint ƙunshin linux-firmware ne ke kawo su. A Debian kuwa a rarrabe suke, firmware-iwlwifi na Intel, firmware-realtek na Realtek.

Mataki na biyu, shin an toshe rediyon? Ka rubuta `rfkill list`. In ka ga yes a gaban Hard blocked, wani makunni ne a jikin laftof ɗin ko saiti a BIOS, babu umarnin da zai buɗe shi. In a gaban Soft blocked ne, `rfkill unblock bluetooth` ya wadatar. Ka sani systemd, mai tada ma'aikatan Linux, na tuna halin da ka bar rediyon a kai lokacin kashewa, yana ajiye shi a `/var/lib/systemd/rfkill`, ya mayar da shi haka in ka kunna. Wanda ya kashe Bluetooth da daddare don tattalin batir, a kashe zai same shi da safe. In kuma ka saka TLP, shirin tattalin batir, ka leƙa saitinsa, domin yana da wurin da ake lissafa rediyoyin da za a kashe a lokacin tashi.

Mataki na uku, sabis ɗin kansa: `systemctl status bluetooth`. Kana son ganin enabled da active. In babu, `sudo systemctl enable --now bluetooth`. Yadda abin yake tafiya shi ne, da kanel ta ƙirƙiri hci0, wato sunan guntun na farko, sai udev, mai lura da bayyanar kayan aiki, ya sanar da systemd, systemd ya kira bluetooth.target, shi kuma ya jawo bluetooth.service, wanda ke tada bluetoothd, shirin da ke tafiyar da Bluetooth, na ƙunshin BlueZ.

Mataki na huɗu, kuma a nan muke zaton matsalarka take. Tashin bluetoothd daban, kunna guntun daban. Ka buɗe `/etc/bluetooth/main.conf`, ka gangara sashen Policy, ka tabbata akwai layin `AutoEnable=true` ba tare da alamar # a gabansa ba. Daga BlueZ 5.65 na shekarar 2022 wannan ya zama al'adarsa ko ba a rubuta ba, amma a tsofaffin fitowa sai an faɗa masa. `bluetoothctl --version` zai nuna maka wanda kake da shi.

Daga ƙarshe ka shiga bluetoothctl, ka rubuta `devices` ka ga adireshin maus ɗin, sannan `trust` da adireshin a gabansa, don a riƙa karɓar sa ba tare da neman izininka ba. Bayan kwamfuta ta tashi ka ɗan motsa shi ko ka danna shi sau ɗaya. Maus da ke barci ba ya sallama, kuma sai ya yi sallama ake amsa masa.

Tambaya: Muna da shagon kayan masarufi kusa da Alabar. Ƙaramar kwamfuta mai Linux ce ke buga rasit ta firintar Bluetooth. Ƙanena ya rubuta umarnin `rfcomm connect` ya sa shi ya riƙa gudana da kansa in an kunna. Ba ya aiki, yana cewa No route to host. Amma in an rubuta umarnin da hannu bayan minti ɗaya sai ya yi. Wani ya ce mu sa `sleep 30` a gabansa. Mu sa? — Wata Hajiya, Alabar

Amsa: Hajiya, barka da ƙoƙari, ke da ƙanen naki. Umarninsa daidai ne, sammako kawai ya yi ya tarar ba a buɗe ƙofa ba. Saƙon kuskuren ma na faɗin haka. No route to host yawanci na nufin guntun kwamfutar ne bai kunnu ba tukuna. Da firintar ce a kashe ko ta yi nisa, da Host is down za ku gani. Ku riƙe wannan bambancin, zai rage muku wahalar bincike.

Game da `sleep 30`, ba mu goyi baya ba. Zai yi aiki yau da gobe. Ranar da wuta ta ɗauke ba zato, kwamfutar ta tsaya duba faifai kafin ta tashi, daƙiƙa 30 ɗin za su ƙare kafin guntun ya shirya, ga layin masu saye a gabanki. Sauran ranaku kuma jira ne na banza. Ƙiyasi ne, alhali akwai hanyar da za a gaya wa kwamfutar ainihin abin da ake jira.

A tsohon tsarin Linux, ma'aikatan na tashi ne ɗaya bayan ɗaya bisa lamba. A cikin folda irin `/etc/rc2.d` kowanne na da suna mai farawa da S da lamba biyu, ƙaramar lamba ta riga babba, don haka ana ba D-Bus, mai kai saƙo tsakanin shirye-shirye, lambar da ta gaza ta Bluetooth a wuce wurin. Systemd, wanda ya fito a 2010, Debian da Ubuntu kuma suka koma kansa a 2015, ya sauya wannan. Yana sakin kowa a lokaci guda don sauri, sai wanda aka ce masa ya jira wane. Wanda bai faɗi abin da yake jira ba, tsere ya shiga, wata rana ya ci, wata rana a ci shi.

Gyara na farko shi ne a faɗa masa abin da ake jira, kuma kalmomi biyu ne ke rikita masu koyo a nan. `Requires=` na cewa ina buƙatar wane, a tada shi tare da ni, amma bai ce wa zai riga wani ba. `After=` na cewa in dai za a tada mu duka, ni ne a baya, amma ba ya tada kowa. Sai an haɗa su biyun ake samun abin da ake so.

Gyara na biyu shi ne a bar connect a koma bind. Connect na buga wa firinta waya nan take, in ba ta ɗauka ba ya haƙura. Bind kuwa ƙofa kawai yake kafawa mai suna `/dev/rfcomm0`, ba a kiran firintar sai lokacin da manhajar rasit ta buɗe ƙofar. Ko an kunna firintar da azahar, zai yi aiki. Ƙanenki ya ƙirƙiri fayil `/etc/systemd/system/firinta.service` ya zuba wannan a ciki:

```
[Unit]
Description=Firintar rasit
Requires=bluetooth.service
After=bluetooth.service

[Service]
Type=oneshot
RemainAfterExit=yes
ExecStart=/usr/bin/rfcomm bind 0 AA:BB:CC:DD:EE:FF 1
ExecStop=/usr/bin/rfcomm release 0

[Install]
WantedBy=bluetooth.target
```

Ya maye gurbin AA:BB da sauransu da adireshin firintarku. Lamba 1 ta ƙarshe tashar da firintar ke saurare ce, mafi yawansu 1 ce. Sai `sudo systemctl daemon-reload` da `sudo systemctl enable firinta`, ya kuma goge tsohon umarnin daga inda ya sa shi. Layin ƙarshe na da muhimmanci: da aka rataye shi a bluetooth.target, ba za a kira shi ba sai guntun ya bayyana.

Ga wani abu da ko gwanaye kan yi tuntuɓe da shi. Systemd na ɗaukar bluetooth.service a matsayin wanda ya tashi da zarar ya karɓi sunansa, org.bluez, a kan D-Bus. A wannan lokacin mai yiwuwa guntun bai gama kunnuwa ba. Saboda haka duk wanda dole sai ya yi amfani da connect, `After=` kaɗai ba zai ishe shi ba. Ya sa `Type=simple`, ya cire layin RemainAfterExit da na ExecStop, ya ƙara `Restart=always` da `RestartSec=5`. Kada ya manta da na biyun. In babu shi, systemd na sake gwadawa bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma in abu ya tashi ya faɗi sau 5 a cikin daƙiƙa 10 sai ya daina gwada shi gaba ɗaya.

In ƙofar ta kafu amma manhajar ta ce ba ta da izini, a saka sunan mai amfani da kwamfutar a rukunin dialout, ya fita ya sake shiga. Don ganin abin da ya riga wani a tashin ƙarshe, `systemd-analyze critical-chain firinta.service` zai jero su da lokacin kowanne.

Tambaya: A makarantar Islamiyyarmu muna sa wa yara karatun Alƙur'ani daga laftof zuwa sifikar Bluetooth. Ina kunna sifikar, in kunna laftof ɗin, amma ba sa haɗuwa sai na kashe sifikar na sake kunnawa. Laftof ɗin Ubuntu ne aka ba mu. — Wani malami, Sawaba

Amsa: Allah ya gafarta Malam, Allah ya saka da alheri a kan hidimar yara. Ka juya jerin kawai: laftof da farko, ka shigar da kalmar sirri, ka ga fuskar aiki ta buɗe, sannan ka kunna sifikar.

Dalili biyu ne. Na ɗaya, yawanci sifika ce ke neman kwamfuta, ba kwamfuta ke neman ta ba. Da an kunna ta takan kira na'urar ƙarshe da ta yi hulɗa da ita na ɗan lokaci, in ba a amsa ba ta yi shiru ta zauna jira. Kafin laftof ya gama tashi, ta riga ta gaji da kira. Na biyu, mai kula da sauti a Ubuntu, wato PipeWire a sababbin fitowa ko PulseAudio a tsofaffi, ma'aikacin mai shiga ne, naka ba ya tashi sai ka shigar da kalmar sirrinka. Shi ne ke zuwa ya shaida wa bluetoothd cewa akwai mai karɓar sauti. Kibod da maus ba su da wannan matsalar, shi ya sa suke aiki tun a shafin shiga. In kana son tabbatarwa, ka rubuta `journalctl -b -u bluetooth`. Layin da ke ambaton a2dp tare da Protocol not available shi ne shaidar sifikar ta zo kafin mai karɓar ta. In wannan layin na fitowa ko bayan ka shiga, to wani ƙunshi ne babu: libspa-0.2-bluetooth ga PipeWire, pulseaudio-module-bluetooth ga PulseAudio.

In laftof ɗin na makaranta ne kawai, babu sirrin kowa a ciki, za ka iya kunna Automatic Login a sashen Users na Settings, sai mai kula da sautin ya riƙa tashi da wuri. Ka kuma lura da wayoyin malamai. Duk wayar da aka taɓa haɗawa da sifikar, in Bluetooth ɗinta a kunne yake a cikin ajin, tana iya riga laftof ɗin kama ta.

Tambaya: Kwamfutata na da Windows da Linux duka. In na haɗa hedfon a ɗaya, sai ya daina aiki a ɗayan. Kullum sai na goge na sake haɗawa. — Wani matashi, Tafo Zango

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ya komo da mu kan mabuɗin da muka yi wa Alhaji bayani a farko. Guntun Bluetooth ɗinka ɗaya ne, adireshinsa ɗaya, don haka hedfon na ganin kwamfuta ɗaya ce, kuma mabuɗi ɗaya yake ajiye mata. In ka haɗa a Windows sai ya goge na Linux ya rubuta sabo. Da Linux ya tashi, bluetoothd ya ɗauko tsohon mabuɗinsa ya miƙa, hedfon ya ce bai san wannan ba.

Maganin shi ne manhajojin biyu su riƙe mabuɗi iri ɗaya. Ka fara haɗawa a Linux, don a ƙirƙiri foldar hedfon ɗin. Ka koma Windows ka sake haɗawa, wannan ne mabuɗin da zai zauna. Ka kashe hedfon ɗin. Mabuɗin na cikin rajista a `HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\BTHPORT\Parameters\Keys`, ƙarƙashin adireshin guntunka. Ko mai izinin shugaba ba ya ganin cikinsa kai tsaye, sai ka buɗe regedit, mai nuna rajista, ta hanyar shirin PsExec da `-s -i`, ko ka karanta shi daga ɓangaren Linux da shirin chntpw. Ka kwafe haruffa da lambobi 32 ɗin, karantawa kawai, kada ka sauya komai a rajistar. A Linux ka shiga `/var/lib/bluetooth`, foldar adireshin guntu, foldar adireshin hedfon, ka buɗe fayil mai suna info. A sashen LinkKey ka maye abin da ke gaban `Key=` da wanda ka kwafo, da manyan haruffa, babu tazara. Sai `sudo systemctl restart bluetooth`, sannan ka kunna hedfon.

Wannan na na'urorin Bluetooth na asali ne, kamar yawancin hedfon da sifika. Sababbin maus da kibod masu amfani da samfurin tattalin wuta, wanda ya shigo da Bluetooth 4.0 a 2010, mabuɗansu sun fi ɗaya, wasunsu ma na sauya adireshi duk sanda aka sake haɗa su. Ga irin waɗannan, in suna da ɗan kan USB nasu, ka yi amfani da shi ya fi sauƙi. Ka soka shi a ramin USB 2.0, ba mai shuɗin ciki ba, domin USB 3.0 na fitar da hayaniya a daidai zangon gigahaz 2.4 da suke magana a kai. Kafin ka fara duk wannan, ka kashe Fast Startup yadda muka nuna wa Malama, in ba haka ba faifan Windows zai kasance a naɗe, Linux ba zai buɗe shi yadda ya kamata ba.